Alƙahira a Tafin Ƙafa



Akwai wata hanya da ta zama gado a littattafanmu, musamman waɗanda ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Da zarar ciwon Hajiya ya tsananta, ko Alhaji ya so raba 'yarsa da saurayin da bai kwanta masa ba, washegari sai jirgi ya ɗaga zuwa Masar. Mota mai baƙin gilashi ta ɗauko su daga filin jirgi, sai otal, sai asibiti, sai wani katafaren kanti inda za a haɗo lefe. A yi shafi talatin a ƙasar mutane, amma ba wanda ƙura ta faɗa wa ido, ba wanda ya tsallaka titi, ba wanda ya tambayi hanya aka yi masa dariya. In ka goge sunan garin ka rubuta Dubai ko Landan, labarin ko gezau. Ba gori muke yi ba. Yawancinmu kuɗin data ma sai an yi dabara, balle tikitin jirgi, kuma ba haramun ba ne mutum ya rubuta inda bai je ba. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, ko waɗanda Allah ya kai, da yawansu ta tagar mota suka ga garin, shi ya sa in sun dawo ba su da tsaraba sai hoton ƙofar otal.

Mu uku ne daga ƙungiyarmu ta Katsina muka samu zuwa bajekolin littattafai na Alƙahira, wanda ake yi tun 1969, daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu. Wani bawan Allah ne ya ɗauki nauyin tikiti, ci da masauki kuwa aljihunmu. Akwai babbarmu, wadda ta fitar da littattafai tun muna firamare, muna ce mata Anti. Akwai ɗan alaramma guda, muna ce masa Malam, rabi girmamawa rabi tsokana. Sai mai wannan rubutu, wanda 'yar diflomarsa ta safiyo ce, inda aka koya mana auna fili da taku kafin a yarda mu taɓa na'ura. Da muka canja nairarmu zuwa fam ɗin Masar muka ƙirga abin da ya rage, shawara ta yanke kanta: kwana biyu a bajekoli, sauran kwanakin duk inda za mu je, ƙafa ce za ta kai mu. Shi bajekolin, tun 2019 an mayar da shi can bayan gari a sabuwar unguwa, manyan rumfuna ne da layi da littafi har ido ya gaji. Labarinsa sai wani makon.

Akwai kuma wani aike da muka taho da shi. Mahaifin Malam ya fi shekara talatin yana jan baƙi a tafsirin azumi na masallacin unguwarsu. Bai taɓa fita Nijeriya ba, ko Makka Allah bai kira shi ba tukuna. Da zai sallami ɗansa bai ce a sayo masa jallabiya ko turare ba. Cewa ya yi: «In ka isa Misira, ka nemi kabarin mai Jalalaini, ka yi masa addu'a, ka ce daga ni ne.» Malam ya amsa da to, irin to ɗin da ɗa ke yi wa uba kafin ya san nauyin abin da ya ɗauka.

Darasin farko tsallaka titi ne. Masaukinmu yana tsakiyar gari, kusa da dandalin Tala'at Harb, unguwar da aka zana a zamanin Khedewi Isma'il, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, ya kuma so birninsa ya yi kama da Faris. Tituna masu faɗi, benaye hawa shida da bakwai, baranda ta ƙarfe mai ado, duk ƙura ta rina su launin ƙasa. Motocin wurin ba sa tsayawa, rage gudu kawai suke yi, kuma sai ga wanda suka ga ya yi niyya. In ka tsaya jiran hanya ta buɗe, za ka yi azahar a wurin. Wata tsohuwa ce ta cece mu, ba tare da ta sani ba. Ta sauka daga gefen titi da ledar kayan miya, ta tattara yatsun hannunta sama, alamar a dakata, ta shiga cikin motoci da tafiya ɗaya, ba sauri ba ja da baya. Muka laɓe a gefenta har ɗaya tsallaken. Daga ranar muka gane ƙa'idar: direba yana lissafi ne da saurinka, in ka ruga ko ka tsaya cak ka ɓata masa lissafi. Anti ta ce ita wannan kaɗai ya ishe ta shafi biyu, domin yarinyar da aka aurar zuwa baƙon gari, a bakin titi za ta fara gane ba gida take ba, ba a ɗakin miji ba.

Da safe garin na masu burodi ne. Za ka ga saurayi a kan keke, ya ɗora wani dogon faranti na itace a ka, an jera gurasa tinjim, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a farantin, yana ratsa motoci kamar ba abin da ya dame shi. Gurasar nan «aish» suke ce mata, kalmar da a Larabci take nufin rayuwa. A kowace kwana akwai amalanken mai dafaffen wake, da wata tukunya mai ƙaramin baki da ta kwana a wuta, ma'aikata sun kewaye shi suna ci a tsaye. Kusa da shi mai ta'amiyya, wato ƙosansu, sai dai in ka gutsura cikinsa kore ne saboda ganyen da suke markaɗawa da waken. Daga hawa na biyar kwando ya sauko a igiya, mai shago ya ɗauki kuɗi ya zuba kaya, kwando ya koma sama, matar gida ba ta taka matakala ko ɗaya ba. Mai iskar gas yana tafe yana buga sifana a jikin tukunya, ƙwal ƙwal ƙwal, shi ne tallansa. Can kuma wani yana ihun «bikiya», mun daɗe muna tunanin sunan wani yake kira kafin mu ga amalankensa cike da tsofaffin fanka da rediyo. Ɗan bola jari ne, da rigarsa da komai.

Sanyi ake yi a lokacin, ba irin hunturunmu mai busar da leɓe ba, wani mai laima ne da ke shiga ƙashi. Wannan ma ya taimaka, domin da a watan Yuli ne ƙafa ba za ta kai mu ko'ina ba.

Maganar harshe kuwa, Malam ne jagoranmu, shi da ya sauke Alƙur'ani ya kuma yi nahawu a zaure. Ɗaliban da suka yi karatu a can sun sha ba mu labarin cewa in ka yi wa ɗan kasuwar Masar Larabcin littafi, zai iya rufe maka da «sadaƙallahul azim». Ba a yi mana hakan ba, amma mai shayin da Malam ya fara tambaya hanya sai da ya kira maƙwabcinsa ya zo ya saurara, don daɗin da ya ji. Suna gane Malam tsaf, shi ne ba ya gane amsarsu. Jimun tasu «ga» ce, ƙaf kuwa haɗiye ta suke yi, ƙahwa ta koma «ahwa». Kalma uku muka riƙe, su suka yi mana jagora har muka bar ƙasar: «yimin» dama, «shimal» hagu, «ala ɗul» miƙe sosai. Sai dai kowa ka tambaya zai ce maka ala ɗul, ko ya san wurin ko bai sani ba, don a wurinsu abin kunya ne a bar baƙo ba amsa. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma a Alƙahira sai ya tambayi mutum uku ya ɗauki abin da biyu suka haɗu a kai.

Daga Tala'at Harb muka miƙa gabas zuwa Ataba, inda kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya take a lokacin, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. 'Yan kes-kes ne a jere, littafi daga ƙasa har rufi, na makaranta da na addini da mujallun da takardarsu ta yi ja. A nan Malam ya tsinci tsohon bugu na «Zuƙaƙul Midaƙ» na Najib Mahfuz, bangonsa ya sha hannu, da kuɗin da bai kai na kwanon abinci biyu ba. Anti ta karanta fassararsa ta Turanci shekaru da suka wuce. Ita ta ce lungun da aka sa wa littafin sunansa yana nan da gaske, kuma ba za ta koma gida ba ta gan shi ba.

Hanyar ta titin Muski ce. Wanda ya san Kantin Kwari ana gobe salla ya san rabin Muski. Ba a tafiya a nan, tura ka ake yi. Masu dako suna turo amalanke suna tsaki mai tsawo a bayanka, in ba ka kauce ba ƙafarka ta sani. Layin mayafai, layin kayan wasan yara, layin tukwane, har kayan amare da ake rataye su a sama ba kunya, wanda ya sa Malam ya duƙar da kai har ya kusa karo da mai ruwan rake. Kusan awa guda muka yi a tafiyar da ba ta fi kilomita ɗaya da rabi ba, sannan muka ɓulla kusa da masallacin Husaini, ga Azhar a tsallaken titi. An fara gina Azhar a 970, shekara guda bayan Faɗimiyyawa sun kafa birnin, aka gama a 972. A tsakar gidansa mai farin dutse muna cire takalma sai muka ji wani ya ce «kai dalla matsa can». Mun juya a tare kamar an ja mu da zare. Ɗalibai ne uku, biyu 'yan Zariya ɗaya ɗan Damagaram, suna gardama a kan wani darasi. Su suka gaya mana cewa tun zamanin da, ɗaliban ƙasashe kowa da ɓangarensa na kwana da karatu a jikin masallacin, kuma mutanen Barno suna da nasu da sunansu. Muka tambaye su kabarin Suyuɗi. Suka ce yana maƙabartar kudu, wajen Sayyida A'isha, amma a cikinsu ba wanda ya taɓa zuwa. Shekara huɗu ɗayansu a garin.

Lungun Midaƙ ba nisa da nan, a bayan titin Sanadiƙiyya, inda ƙamshin kayan yaji da turaren wuta yake sa atishawa. Sau biyu muka wuce bakinsa, domin ba abin da zai sa ido ya tsaya. 'Yan matakala ne na dutse suna hawa, shago nan shago can, ƙaramin gidan shayi mai kujeru da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sai bango ya tare gaba. Lungu ne da ba ya ɓullewa. Mai safiyo ya yi abin da ya iya, ya taka daga baki zuwa ƙarshe yana ƙirga, bai kai taku arba'in ba. Anti ta tsaya ta yi zuru. A cikin wannan ɗan wurin, wanda bai kai zauren wasu gidajen sarauta da soronsu ba, Mahfuz ya zuba duniya guda a 1947: Hamida mai son fita daga talauci ko ta halin ƙaƙa, Abbas wanzami da ya tafi aiki wurin sojan Ingila don ya tara kuɗin aurenta, Kirsha mai gidan shayi da asirinsa, da Zaiɗa, wanda sana'arsa nakasa lafiyayyu don su samu shiga bara. Yaƙin duniya na biyu gaba ɗaya ya shigo littafin, amma ta bakin wannan lungu ya shigo, a matsayin kuɗin da ke jan samari waje.

Mun zauna a gidan shayin, aka kawo mana shayi a ƙananan kofunan gilashi da ganyen na'ana'a. Abin da muka tattauna a wurin shi ne ya sa wannan rubutu. An haifi Mahfuz a 1911 a unguwar Gamaliyya, tafiyar 'yan mintoci daga inda muke zaune. Ma'aikacin gwamnati ne har ya yi ritaya. Ya rubuta littattafan labari sama da 30, kuma manyan ukun nan nasa da suka fito a 1956 da 1957, kowanne sunan titi ne a wannan yanki: Bainal Ƙasraini, Ƙasrus Shauƙ, Sukkariyya. Mutum ne da aka sani da tafiyar ƙafa kullum safiya, daga gida zuwa gidan shayin da yake karanta jarida, kuma ba mai son fita ƙasar waje ba. Ko da aka ba shi kyautar Nobel a 1988, shi ne marubucin Larabci na farko da ya samu, bai je karɓa ba, 'ya'yansa mata biyu ne suka je. Malam ya ce to ashe mu da muka haye jirgi muka zo ganin lungunsa, shi ko jirgin bai hau ba don karɓar kyautar duniya. Anti ta ce masa: «Kai dai sha shayinka. Lungun gidanku taku nawa ne?» Malam ya buɗe baki ya rufe. Mu ma ba wanda ya san na gidansu, har mai safiyon.

Washegari muka ware don aiken Baba. Ɗan Damagaram ya nuna mana cewa akwai ƙananan bas daga Ataba har Sayyida A'isha, amma da muka duba taswira a waya muka ga titi ɗaya ne ya tsaga tsohon birnin daga arewa zuwa kudu, sai muka ce mu bi shi tun daga kansa. Kansa shi ne Babul Futuh, ƙofar dutse da aka gina a 1087, mai kauri kamar tsauni. Daga nan titin Mu'izz ya fara, wajen kilomita guda zuwa Bab Zuwaila. Titin kyauta ne, shiga gine-ginen ne ake yankar tikiti, don haka yawancinsu daga waje muka gaishe su. Mun wuce ginin Sarki Ƙalawun na 1285, wanda ya haɗa makaranta da kabari da asibiti. Wannan yanki ne ake kira Bainal Ƙasraini, wato tsakanin fadoji biyu, alhali fadojin sun rushe ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sunan ne kawai ya ƙi tashi.

Ginin da ya fi tsaya mana a rai ƙarami ne. Yana tsaye a inda titi ya rabu biyu, an gina shi a 1744, irin wanda suke kira sabil-kuttab. Ƙasansa ɗaki ne mai tagogin ƙarfe inda ake miƙo wa masu wucewa ruwan sha kyauta, samansa kuwa baranda ce buɗaɗɗiya inda yara marayu ke karatun allo. Ruwa a ƙasa, karatu a sama, mai kuɗi ɗaya ya yi waƙafin duka biyun, ya kuma ajiye abin da za a riƙa biyan malami da mai ɗebo ruwa. Irinsu suna da yawa a tsohon birnin. Malam, wanda ya yi karatun allo a rumfar kwano da ke yoyo, ya daɗe yana kallon barandar nan. Ba a karatu a cikinta yanzu, masu yawon buɗe ido ne ke hawa. Amma al'adar ruwan ba ta mutu ba, domin ko'ina ka bi za ka ga tuluna ko na'urar sanyaya ruwa a ƙofar shago da kofi a ɗaure, sadakar wani mamaci.

Sunayen wuraren kuwa, in ka san ma'anarsu, kamar kana yawo a cikin birnin Kano ne. Nahhasin, masu tagulla, har yanzu ana jin ƙarar guduma. Saga, maƙeran zinariya. Aɗɗarin, masu turare da kayan ƙamshi. Kamar dai a ce Dukawa ko Soron Ɗinki. A Bab Zuwaila, ƙofar kudu ta 1092, mun yi karo-karo mun sayi tikiti don mu hau hasumiya. A wannan ƙofa aka rataye Tuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517, bayan Turkawa sun ci garin. Hasumiyoyi biyun da ke kanta na masallacin da ke jikinta ne, wanda Sarki Mu'ayyad ya fara ginawa a 1415 a daidai inda kurkukun da aka taɓa tsare shi yake, don cika alwashin da ya yi yana fama da ƙuma da ƙwarƙwata a ciki. Matakalar ƙunci gare ta da duhu, wanda ya taɓa hawa Gobarau zai ɗan ji a jikinsa, sai dai wannan ta ninka. Daga sama ba kyau muka fara gani ba, rufin gidaje muka gani, cike da tarkace da tauraron ɗan'adam da akurkin tantabaru da shanya, sannan hasumiyoyi ta kowace fuska har inda hazo ya yanke gani.

A ƙasan ƙofar muka shiga Khayamiyya, rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tanti, inda maza ke zaune a harɗe suna ɗinka ƙyalle a kan ƙyalle da allura. Bayan nan masu yawon buɗe ido suka ƙare, garin talakawa ya fara: mahauta, masu gyaran babur, keke napep ɗinsu da suke kira tuktuk, yawanci yara ne ke tuƙawa. A Surugiyya ne, unguwar masu sirdi a da, wasu samari a tuktuk suka rage gudu suka yi ta yi mana ihun «samara» da «shokolata», suna dariya, ɗaya ya miƙo hannu kamar zai ja mayafin Anti. Ba za mu ɓoye wannan ba don a ce tafiya ta yi daɗi. Baƙar fata a titin Alƙahira yana jin irin wannan, ɗaliban Azhar sun ce mana su sun daina ƙirgawa. Anti ba ta ce uffan ba, amma mun ga hannunta yana rawa. Wani tsoho mai gyaran takalma ya taso daga bencinsa ya bi yaran da zagi har suka sha kwana, ya dawo ya jawo mata kujera, ya aika a kawo shayi. Ya tambaya ko daga Sudan muke. Da ya ji Nijeriya sai ya daki ƙirji ya ce «Amunike! Zamalek!», yana nufin Emmanuel Amuneke da ya buga wa ƙungiyarsu ƙwallo tun ba a haifi biyu daga cikinmu ba. Ya ƙi karɓar kuɗin shayi. Titi ɗaya ne, tsakanin yaran da tsohon bai fi taku goma ba, kuma duk wanda ya rubuta ɗaya ya bar ɗaya ya yi wa garin ƙarya.

Mun wuce masallacin Sarki Hasan, wanda aka fara a 1356, mai makarantu huɗu na mazhabobi huɗu a cikinsa, ga ganuwar Salahuddin a kan tudu ta hagu. Ba mu tsaya ba, la'asar ta gabato kuma rana da wuri take faɗuwa. A lokacin, dandalin Sayyida A'isha tashar mota ce, hayaƙi da ihun 'yan kamasho. Daga bayansa maƙabarta ta fara, kuma wanda bai gani ba zai yi wuya ya yarda: unguwa ce sosai, da tituna da ƙofofi, kowane dangi da ɗan gidansu mai tsakar gida inda kaburburansu suke, kuma a cikin da yawa akwai rayayyu suna zaune, da shanya da talabijin da yara masu ƙwallo. Tun wajen 2020 ake rushe sassan maƙabartun nan don faɗaɗa hanyoyi, mun kuma ga shaida da idonmu, tulin ƙasa da fasassun duwatsu masu rubutu a gefen sabon titi. Nan ne cikin Malam ya ɗuri ruwa. Ya ce in an riga an kwashe fa, me zai gaya wa Baba?

Mutum huɗu muka tambaya kabarin Imamus Suyuɗi. Biyu suka ce ala ɗul, ɗaya ya nuna mana hanyar Imam Shafi'i, ɗaya ya ɗaga kafaɗa. Na biyar wata mata ce mai gasa masara. Malam ya faɗi sunan cikakke, a hankali, Jalaluddin Abdurrahman. Ta ce: «Sidi Galal?» Ta kira wani yaro ta ce ya kai mu. Ashe duk yankin da sunansa ake kiransa, jimun nan ce da ta koma «ga» ta ɓoye mana shi, ga shi su ba sa haɗawa da Suyuɗi. Malamin da aka haifa a 1445 ya rasu a 1505, wanda ya ƙarasa tafsirin da malaminsa Jalaluddin Mahalli ya rasu bai gama ba, shi ya sa ake ce wa littafin Jalalaini, Jalalu biyu. Wanda ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashenmu, har da Sarkin Katsina Ibrahim da na Agadas. A bakin mai masara maƙwabci ne kawai, Sidi Galal.

Yana nan, ba a taɓa shi ba a ranar da muka je. Ƙaramin gini ne, ba kwalliya, ƙofa a kulle, sai da yaron ya nemo mai riƙe da makulli. Anti ta ce ita za ta jira a waje, ta zauna da matan gidan da ke kusa, ba ta jin yarensu ba sa jin nata, amma da muka fito mun tarar an ɗora mata jariri a cinya ana nuna mata hotunan biki a waya. Mu biyu muka shiga. Malam ya yi sallama, ya yi addu'a, sannan ya faɗi sunan mahaifinsa da na unguwarsu da ƙarfi, kamar mai isar da saƙo a ƙofar gida, muryarsa ta ɗan sarƙe a wajen sunan.

A waje ya kira gida ta WhatsApp, ta wayar ƙaninsa. Muna jin muryar tsohon sama-sama, da kukan akuya a bayansa.

«Baba, mun same shi. Na isar.»

Shiru ya ɗan yi tsawo har muka zaci layin ya yanke. Sai ya ce: «Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka. A mota kuka je?»

«A ƙasa, Baba.»

«To faɗa mini ta inda kuka bi.»

Malam ya fara jerowa, Babul Futuh, masu tagulla, ɗakin ruwa mai makarantar allo a sama, ƙofar da aka rataye sarki, masu ɗinkin tanti, tsoho mai gyaran takalma, mai masara. Tsohon yana tsayar da shi yana cewa a maimaita, musamman wajen makarantar allon, sai da ya tambaya ko yaran ba sa faɗowa daga barandar. Daga ƙarshe ya ce nisan fa? Malam ya miƙo wayar ga mai safiyo, wanda ya duƙa kamar tsohon yana gabansa, ya gaishe shi, ya ce in an cire ratse-ratse, taku dubu shida ne da 'yan kai, wajen kilomita huɗu da rabi.

«Af,» in ji Baba. «Kamar daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga ke nan. Ashe da ni ma zan iya.»